Katangar da Kwalba Ba Ta Iya Ɗauka: Inabi, Haya da Ƙasa a Kwarin Valtellina

A arewacin Italiya, daf da iyakar Suwizalan, kogin Adda yana gangarowa daga tsaunukan Alps ya faɗa tafkin Como. Kwarin da ya ratsa shi ake kira Valtellina, a lardin Sondrio na yankin Lombardiya. Galibin kwaruruwan wannan ɓangare na Alps daga arewa suke miƙewa zuwa kudu, amma wannan, a tsakiyarsa, gabas da yamma yake kwance. Shi ya sa gefensa biyu ba su yi kama da juna ba. Gefen kudu yana fuskantar arewa, inuwa ta yi masa yawa, kurmi ya rufe shi. Gefen arewa kuwa rana yake sha tun hantsi har la'asar sakaliya, ga iska mai ɗumi da ke busowa daga tafkin. A wannan gefen, daga Ardenno zuwa Tirano, tafiyar kimanin kilomita 45, mutane sun sassaƙe gangaren dutse suka mai da shi gonakin inabi hawa-hawa, galibi tsakanin mita 300 zuwa 700 sama da teku. Kowane hawa katangar dutse ce ke riƙe da shi, wadda aka jera ba siminti ba laka. Ƙiyasin da masu sana'ar yankin ke bayarwa shi ne idan aka miƙe katangun nan a layi ɗaya za su kai kilomita 2,500.

Mai karatu Musulmi ba ruwansa da abin da ke cikin kwalbar, hukuncinta a addini sananne ne. Abin nazari a nan shi ne ƙasa da wanda ya gina ta. A yau ana tallata giyar Valtellina da kirarin “noman jarumai”, kuma kirarin ya wuce bakin 'yan talla ya shiga littafin doka. Cibiyar CERVIM da ke yankin Aosta, mai bincike kan noman inabi a tsaunuka, ta gindaya sharuɗɗansa: gangaren da ya wuce kashi 30 cikin ɗari, ko tsayin da ya haura mita 500, ko gonaki hawa-hawa, ko ƙananan tsibirai. Dokar giya ta Italiya ta 2016 ma ta ware irin waɗannan gonaki don ba su kariya. Ra'ayin da zan kare shi ne wannan kirari yana rufe abubuwa biyu. Na farko, ƙarancin ƙasa da wani tsarin hayar gona da kasuwar da ke bayan tsauni ne suka gina katangun, jarumta ba ta cikin lissafin waɗanda suka ɗauki duwatsun. Na biyu, aikin da katangun ke yi yanzu ya fi ƙarfin cinikin giya, saboda haka kuskure ne a bar kuɗin kula da su a wuyan kwalba.

Sai a fara da kasuwar. A 1512 ƙawancen ƙungiyoyi uku na Graubünden, wanda yau jiha ce a gabashin Suwizalan, ya ƙwace Valtellina tare da Bormio da Chiavenna daga hannun masarautar Milan. Mulkinsu ya daɗe har 1797, in ban da tsakanin 1620 da 1639, lokacin da Katolikan kwarin suka yi wa Furotesta kisan gilla, manyan daulolin Turai suka shiga rikicin, kafin a mayar wa Graubünden yankin. Sabbin iyayengijin suna zaune a ƙasa mai sanyi inda inabi ba ya yi sai a 'yan wurare, ga su kuma riƙe da mashigan tsauni zuwa ƙasashen masu jin Jamusanci. Kwarin ya zama gonarsu ta giya. Fatake suna ɗora ƙananan ganguna a bayan dawaki su hau mashigin Bernina ko na Muretto, da hunturu kuma su ja su a kan dusar ƙanƙara. Tun kafin wannan zamani sunan giyar ya fita, domin Leonardo da Vinci ya ambaci ƙarfinta a rubuce-rubucensa. Amma shekaru kusan ɗari uku na kasuwa tabbatacciya su ne suka sa gonakin suka yi ta hawa gangare har inda akuya ma sai ta yi tunani.

Kasuwa kaɗai ba ta sa mutum ya fasa dutse ya ɗauko ƙasa a kwando daga gindin tsauni. Dole sai ya tabbata guminsa ba wani zai gada ba. Nan ne tsarin hayar da ake kira livello ya shigo. Ƙasar kwarin galibi tana hannun coci da manyan gidaje irin su Salis da Quadrio da Besta. Su ba sa noma. Suna ba manomi fili haya ta dogon zamani, sau da yawa ba iyaka, 'ya'yansa su gaje ta, muddin yana biyan abin da aka yanka masa duk shekara. Abin biyan kuma ƙayyadadde ne, kuma amfanin gona ne, giya ko inabi ko hatsi. Ma'anar wannan ga manomi a fili take: duk abin da ya ƙaru a kan abin da aka yanka nasa ne. Idan a gefen gonarsa akwai fako na dutse zalla, ya fasa shi da hunturu lokacin da ba aikin gona, ya jera katanga da ɓaraguzan, ya cike bayanta da ƙasar da shi da matarsa da 'ya'yansa suka yi jigila a baya, to ya ƙirƙiri gonar da ba ta cikin lissafin mai ƙasa. Babu ɗan kasuwar da zai biya lada a yi masa wannan aiki, domin kuɗin ƙwadagon ya ninka darajar filin. Iyalin da ba sa ƙirga lokacinsu da kuɗi, kuma ba su da wata mafita, su ne kaɗai za su iya.

Kada a ɗauka wannan tsari adalci ne. Haya ƙayyadadda tana da daɗi a shekarar albarka, a shekarar fari ko ƙanƙara kuwa igiya ce a wuya, tunda mai ƙasa ba ya rage komai. Kuma shi mai ƙasar ne ke karɓar mafi kyawun inabi, shi ke da rumbun ajiya da ganguna, shi ya san fataken, saboda haka ribar fatauci a gidansa take sauka. Manomi ya sha abin da ya rage. Ga rabon gado, wanda ke yanka gona tsakanin 'ya'ya zuriya bayan zuriya, har aka wayi gari mutum yana da 'yan layuka a nan, 'yan layuka can gaba da tafiyar rabin awa. Wannan rarrabuwa tana nan har yau, kuma tana cikin manyan matsalolin yankin.

Wanda ya san adabin nazarin noma zai ga cewa labarin ba na Alps kaɗai ba ne. Ester Boserup, a littafinta na 1965, ta kafa hujjar cewa matsin yawan jama'a a kan ƙasa shi ke tura manomi ga aikin da ke cin ƙwadago mai yawa. Robert Netting, masanin halayyar al'umma ɗan Amurka, ya gwada wannan a wurare biyu masu nisa da juna: wajen Kofyar na gefen tsaunin Filato a Nijeriya, waɗanda ya rubuta littafi a kansu a 1968, da ƙauyen Törbel na tsaunukan Suwizalan, wanda littafinsa ya fito a 1981. Abin da ya gani a wajen Kofyar ya dace da batunmu. Suna noma hawa-hawa a kan tudu da taki da kulawa ta kusa, amma da aka samu zaman lafiya da hanya da filaye masu faɗi a ƙasa, da yawansu suka sauka, gonakin tudu suka fara komawa daji. Manomin tudu ba ya ƙaunar wahala don kanta. Ranar da ƙofa ta buɗe, fita yake yi.

A Valtellina ƙofofin sun buɗe ɗaya bayan ɗaya, wasu da bala'i. A 1797 Napoleon ya raba kwarin da Graubünden, bayan 1815 ya koma ƙarƙashin Ostiriya, a 1859 kuma ya bi Lombardiya zuwa abin da ya zama Italiya. Mashigin da a da hanyar cikin gida ce ya koma iyakar ƙasa mai kwastan. A farkon shekarun 1850 wata cutar fumfuna mai kama da toka ta afka wa kurangar inabi a Turai, ta cinye amfanin kwarin shekaru a jere kafin a gane cewa barbaɗa farar wuta yana maganinta. Iyalan da hayarsu giya ce suka rasa abin biya. Halin da lardin ya shiga ya yi muni har Stefano Jacini, masanin tattalin arziki, ya rubuta nazari a kansa a 1858. A 1882 aka buɗe hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin tsaunin Gotthard, giya mai araha daga sauran sassan Italiya ta samu hanyar shiga Suwizalan ba tare da doki ba. Sannan ƙwaron phylloxera, mai cin saiwa, wanda aka fara gani a Italiya a 1879 a Valmadrera kusa da tafkin Como, ya iso, ya tilasta a tumɓuke gonaki a sake dasa su da aure a kan saiwar kurangar Amurka. Jama'a suka yi ta ƙaura zuwa Ostireliya da nahiyar Amurka. Bayan yaƙin duniya na biyu masana'antun Milan, da ayyukan madatsun ruwa, da ƙwadago a Suwizalan suka kwashe saura. Gonakin da a ƙarni na 19 suka kai hekta dubbai, ana cewa sun haura 6,000, yau ba su cika 1,000 ba.

Abin da ya rage ya tsira ne ta hanyar sauya kasuwa. Shekaru da dama bayan yaƙi, Suwizalan ta ci gaba da sayen giyar kwarin da yawa, ba a cika damuwa da inganci ba. Wasu manyan gidajen sana'ar ma, irin su Triacca da Plozza, 'yan kwarin Poschiavo ne na tsallaken iyaka. Da wannan kasuwa ta ja baya wajen shekarun 1980, ya zama dole a nemi mai sayen kaɗan da tsada. Doka ta riga ta share fage: an yi wa giyar Valtellina rajistar asali a 1968, aka ɗaga Valtellina Superiore zuwa mataki mafi girma na DOCG a 1998, giyar Sforzato ta bi baya a 2003. Irin inabin shi ne Nebbiolo, wanda ake yin giyar Barolo da shi a Piemonte, a nan kuma ana kiransa Chiavennasca, kuma doka ta ce kada ya gaza kashi 90 cikin ɗari. An ware unguwanni biyar da ake rubuta sunansu a kwalba: Maroggia, Sassella, Grumello, Inferno da Valgella. Gidaje irin su Nino Negri, wanda aka kafa a Chiuro a 1897, da Ar.Pe.Pe., wanda Arturo Pelizzatti Perego ya sake ginawa a 1984, suka fitar da sunan kwarin zuwa kasuwannin duniya.

Sforzato ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana nuna yadda mutanen tsauni suka mai da sanyi kayan aiki. Da kaka ana zaɓar nonon inabi mafi lafiya, wanda 'ya'yansa ba su cushe ba, a shimfiɗa shi ɗaya-ɗaya a akwatuna marasa zurfi, a jera a ɗakunan sama masu tagogi da ake kira fruttai. Busasshiyar iskar hunturu tana ratsawa wata biyu zuwa uku. Ma'aikata suna zagayawa suna tsince duk ƙwayar da ta fara fumfuna, domin ɗaya tana iya ɓata akwati. Kafin a matse, inabin ya yi yaushi, ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa ko fiye, zaƙinsa ya taru. Ana barinsa ya tsumu har zaƙin ya ƙare, ƙarfinsa bai gaza kashi 14 cikin ɗari ba, a ajiye shi aƙalla wata 20, 12 daga ciki a gangar katako. Ta fuskar lissafi, manomin da dama amfaninsa kaɗan ne ya yarda ya zubar da sulusinsa a iska don ya sayar da saura da tsada. Wannan dabara ce ta wanda ba zai taɓa iya gasa da yawa ba.

To, ga hujjar da za a kawo a kaina, kuma ba ƙarama ba ce. Za a ce ai kasuwa ta yi aikinta. Farashi ya tashi, matasa sun kafa ƙananan gidajen sana'a, masu saye a duniya sun karkata ga irin wannan giya mara nauyi, ɗumamar yanayi kuma ta ƙara wa gonakin tudu daraja tunda a ƙasa zafi na gaggauta nunar inabi. Me zai sa gwamnati ta sa hannu a abin da ke tsaye da ƙafarsa?

Amsa ta farko tana cikin awannin aiki. Hekta ɗaya a wannan gangare tana cin sama da awa 1,000 na aikin hannu a shekara, ninki uku ko huɗu na gonar da tarakta ke shiga. A tsarin gargajiya layukan kuranga daga sama suke saukowa ƙasa, hawan ƙanƙane ne, matakalar dutse ce kaɗai hanya. Feshi a baya ake goya shi. Girbi a kwando ake sauko da shi, sai inda aka kafa igiyar jigila, ko manyan gidaje da ke hayar jirgi mai saukar ungulu. Doka kuma ta ƙayyade amfanin Superiore kada ya wuce tan 8 a hekta. Wanda ke noma ya matse ya zuba a kwalba da sunansa yana iya fitar da wannan kuɗi. Amma kaso mai yawa na gonakin yana hannun ƙananan manoma masu ƙasa da hekta ɗaya, da yawansu tsofaffi ko masu wani aikin albashi, waɗanda inabi suke sayarwa ga manyan gidaje. Tsadar kwalba a gidan cin abinci na Milan ba ta isa gare su yadda take. Suna yi ne saboda gonar uba ce, ba a so a ga ta mutu a hannunka. Wato har yau ƙwadagon da ba a biya shi ke tallafe da katangun, kamar zamanin livello, sai dai 'ya'yan yanzu suna da zaɓin da kakanninsu ba su da shi.

Amsa ta biyu ta fi nauyi, kuma sai an dubi katangar kanta. Rashin siminti da gangan ne: ruwan da ya taru a bayanta yana tsiyayewa ta tsakanin duwatsu. Gindinta ya fi kanta kauri, tana ɗan jingina da tudu, a bayanta an cusa tsakuwa. Tsakanin gonaki akwai ƙananan magudanai da ke kai ruwa ƙasa. Duk wannan yana aiki ne muddin akwai mai zagayawa bayan ruwan sama ya mayar da dutsen da ya goce, ya yashe magudana, ya kwashe ƙasar da ta gangaro ya mayar sama. Idan aka bar gona, ƙaya ce ke fara rufe ta, itatuwa su biyo, saiwarsu ta tura duwatsu, magudana ta toshe da ganye. Katangar ta yi ciki, wata rana da ruwa mai yawa ta fashe. Kuma ba a gonar mai ita take tsayawa ba. Tana faɗawa kan ta maƙwabci, nauyin ya ƙaru, ta ƙasa ma ta tafi, kamar yadda ginin ƙasa ɗaya da aka bari ba yaɓe yake jawo wa na jikinsa rushewa da damina. A gindin gangaren kuwa akwai gidaje, da babbar hanyar mota, da layin dogo.

Wannan ba hasashe ba ne. A watan Mayun 1983, bayan ruwa mai yawa, gangaren gonaki ya zaftare a kan Tresenda da ke ƙaramar hukumar Teglio, mutane suka mutu a gidajensu. A Yulin 1987 ambaliya da zaftarewar ƙasa suka afka wa kwarin gaba ɗaya, suka halaka mutane fiye da 50. Gaskiya ne cewa babbar zaftarewar Val Pola ta wannan shekara can sama ta faru, nesa da gonakin inabi, kuma ba daidai ba ne a ɗora ta a kan watsi da noma. Amma bala'in 1987 ne ya sa majalisar Italiya ta yi doka ta musamman don kwarin a 1990, kuma cikin ayyukan da aka yi da kuɗinta har da gyaran gangaren gonaki da magudanansu. Wato hukuma ta riga ta amsa, a aikace, cewa katangun kayan kare jama'a ne. Matsalar ita ce sai bayan an binne mutane ake tunawa.

An yi wasu yunƙuri tun daga nan. A 2003 aka kafa gidauniyar ProVinea don kula da gonakin. A 2009 Ermanno Olmi ya yi fim ɗin Rupi del vino a kansu. A 2018 UNESCO ta sa fasahar jera katangar dutse cikin gadon al'adun duniya, bisa buƙatar ƙasashe 8 da Italiya da Suwizalan ke ciki. Duk sun ɗaga suna, suna kuma yana kawo 'yan yawon buɗe ido. Sai dai ina ganin haɗari a irin wannan karramawa idan ta tsaya a nan, domin tana mai da manomi abin kallo, a yaba wa juriyarsa a wuce. Wanda aka kira jarumi ba a cika tambayarsa nawa ne ladansa ba.

Akwai kuma masu neman mafita ta injiniya. Wasu gidaje, Triacca na cikinsu, sun sake fasalin wasu gonaki, suka juya layuka suka bi kwancen tudu, aka samu faɗin da ƙaramin inji zai wuce. Awannin aiki sun ragu sosai. Masu kishin gargajiya suna ganin an ɓata fuskar kwarin. Ni ban ga laifin hakan ba inda ƙasa ta yarda, domin su ma magabatan da sun samu sauƙi da sun ɗauka. Amma ba ko'ina ne zai yiwu ba. A wurare irin su Sassella da Inferno, inda dutse ke leƙowa tsakanin kuranga, hawa ɗaya wani lokaci layi biyu ko uku ne kawai, ba inda inji zai juya. Kuma sake fasali yana buƙatar fili mai faɗi a hannu ɗaya, abin da rabon gado na ƙarnoni ya hana. Akwai filayen da magadansu ke Ostireliya, ba wanda ya san wa zai tambaya kafin ya taɓa dutse.

Abin da hujjojin nan ke nunawa shi ne a raba lissafi biyu. Giya haja ce, ta nemi kasuwarta, ta ci riba ko ta faɗi. Katanga da magudana kuwa a biya mai kula da su kai tsaye, gwargwadon tsawon abin da ya riƙe a tsaye, kowace shekara, ko inabinsa ya shiga kwalba mai tsada ko bai shiga ba, kamar yadda ake ware kuɗin gyaran gada ba tare da an jira ta karye ba. A haɗa da sauƙaƙa hanyar da ƙaramar hukuma za ta karɓi filin da aka yi watsi da shi ta ba mai son nomawa haya ta dogon zamani, tunda kuranga tana shekaru kafin ta fara biya, ba mai dasa ta a gonar da za a iya karɓewa baɗi. Kuma a yarda cewa ba duk hekta dubban da aka rasa za su dawo ba. Inda gangaren ke kan gidaje da hanya, a nan ya kamata kuɗin ya fara sauka, ko da unguwar ba ta cikin biyar ɗin da ake rubutawa a kwalba.